Kiɗan Nu'uman, Muryar Jibirilla

Rabin aikin direban kamfani jira ne, kuma a cikin wannan jiran Nu'uman ya haɗa albam ɗinsa. Ƙarfe shida na safe yake kwashe nas-nas goma sha huɗu daga masaukinsu da ke Al-Suwaidi ya kai su asibiti, ya nemi inuwa ya ajiye bas ɗin, ba mai sake nemansa sai ƙarfe biyu. Sauran direbobi barci suke yi, ko su taru a gindin bango suna shan shayi suna cin naman manajan kamfani. Shi kuwa sai ya koma kujerar baya, ya zaro wani ɗan fiyano da ya samo a kasuwar gwanjo, ya ɗora a cinya, ya jona shi da kwamfuta, ya toshe kunnuwansa biyu. Wanda ya leƙo ta taga ba abin da zai gani sai ƙaton mutum mai furfura a gemu yana latse-latse yana gyaɗa kai, ba sautin komai. Akwai wani direba ɗan Sudan da ya taɓa jan shi gefe cikin tausayi, ya ce ya san wani shehi mai ruƙiyya a Gubaira, idan yana so zai raka shi.

Ba a Riyad abin ya same shi ba, da shi ya zo. Tun yana ɗalibi a Zariya su huɗu suka kafa ƙungiyar kiɗa, shi ne a kan fiyano. Rok suke yi, amma ba na tsalle da ihu ba, wani reshensa ne da masu shi ke ce wa furog: kiɗa ɗaya sai ya ci minti goma sha biyar, ya taso a hankali, ya ruga a guje, ya tsaya cak, ya karkata ta inda ba ka zata ba. Ba a rawa da shi, zama ake yi a saurara, mu kuwa ba a san mu da zama mu saurari abin da ba ya kiran sunan kowa ba. Sau bakwai suka yi wasa a harabar jami'a, kuma duk ranar da suka gama, waɗanda suka rage a kan kujeru ba su fi waɗanda ke kan dandamali yawa ba. Da aka gama karatu kowa ya kama gabansa. Mai ganga ya shiga aikin kwastan, Zayyanu mai jita ya zama malamin lissafi a sakandare, na huɗun ya ce ya tuba, ko gaisuwarsu ya daina amsawa. Nu'uman ya yi aure, aiki ya ƙi samuwa, daga ƙarshe wani ajan ya samo masa biza. Bana shekararsa tara a Saudiyya.

Kada wani ya ɗauka suna yake nema da albam ɗin. Mutum ɗaya tak yake so ya zauna ya saurare shi daga farko har ƙarshe, ita ce 'yarsa Kamila.

Kamila ce 'yar fari. Nu'uman kuwa ya tashi a gidan da uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yi masa wasa. Ya yi boko, ya ji kiɗan duniya, ya iya gardama a kan komai, amma wannan kunyar ta ƙi sakinsa. Ranar sunanta ma sulalewa ya yi ya bar gidan sai yamma. Tana da shekara shida ya taho, yanzu tana da sha biyar, kuma bakinsa bai taɓa furta sunanta tana ji ba. Idan ya kira gida, sai ya yi rabin awa shi da ƙanwarta Bilƙisu suna shirme suna dariya, ana miƙa wa Kamila wayar hira ta mutu.

"Ke, ya karatu?"

"Lafiya lau, Baba."

"To, a dage."

"To, Baba."

"Ba mamanku wayar."

Yana ajiye wayar haushin kansa ya turnuƙe shi. Yana son yarinyar nan so mai ciwo, ya kuma san ita ba ta sani ba, a ganinta Bilƙisu ce 'yar Baba. Abin da bakinsa ya kasa, shi ya yi shekara uku yana zubawa a yatsunsa.

Kiɗa shida ne, minti hamsin da biyu, ba murya ko ɗaya. Ganga da jita da sarewa duk a kan fiyanon ya yi su, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kwamfuta. Ya sa wa albam ɗin suna "Tsakanin Danja Biyu", don yawancin abin a kan sitiyari ya zo masa. Na huɗun ne ya fi cin ransa, minti goma sha uku, ya kira shi "Ta Fari", don ko a rubuce hannunsa bai yarda ya sa sunan ba. A kan ƙirga bakwai ya gina shi, ba takwas ba kamar kiɗan da kunne ya saba da shi, saboda haka Kamila take yi lokacin da take koyon tafiya: taku uku, taku uku, a na bakwai sai ta tafi luuu kamar za ta kifa, sai kuma ta tsaya da ƙafarta. Ta wutsiyar ido ya kalli wannan tafiyar, yana zaune a tsakar gida yana yi kamar jarida yake karantawa, don mahaifiyarsa tana wurin. A tsakiyar kiɗan akwai inda komai ke ɗaukewa, a bar fiyano shi kaɗai yana tafiya a hankali har minti biyu. Wannan safiyar da ya bar gida ce, da ta tsaya a ƙofar zaure riƙe da ƙaramar jakarsa, ya karɓa bai ko dube ta ba.

Wata ranar Talata, a filin ajiye motoci na asibiti, ya ɗora albam ɗin a intanet, ya tura wa duk wanda ya sani. Sannan ya zauna da waya a hannu yana jiran amsa.

Amsoshi suka zo da sauri, kuma saurin ne ya kashe masa jiki. Abin da ke cin minti hamsin da biyu, cikin minti biyu mutum goma sha ɗaya sun turo "Masha Allah" da hoton babban yatsa. Zayyanu, wanda ya fi sa wa rai a cikin abokai, ya rubuto: "Mutumina, ashe kana nan kan bakanka! Zan ji a wikend." Wikend biyar suka wuce. Wani Bature da ke sharhi a kan irin wannan kiɗa a wani shafi ya yi masa layi huɗu. Ya ce hannun mutumin yana da kyau, sai dai ya yi zaton zai ji gangunan Afirka, sai ya ji abin da an riga an yi shi shekara hamsin da suka wuce, kuma na huɗun ya cika tsawo. Nu'uman ya karanta layukan nan har ya haddace su. Ya kai wa manajan wani gidan shan kofi a arewacin gari, inda ya ji ana sa kiɗa, manajan ya saurari rabin minti ya ce, "Hilu, ya sadik, hilu," wato da daɗi, aboki, wai zai yi daɗin cin kek idan aka rage ƙara. Ya gwada sawa a bas da safe, ba su yi nisa ba Sista Munirat, babbar nas ɗin da ke zama a gaba, ta ɗago daga wayarta.

"Malam Nu'uman, rediyon nan bai kama tasha ba ne? Please a sa mana azkar."

Ya sa musu azkar.

Duk wannan da sauƙi, da a ce gida ya yi magana. Matarsa Jamilatu ta ce ta kunna tana wanke-wanke, ya yi daɗi, Allah ya sa albarka. Sai da ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar maƙwabta da ta awaki, kafin ya iya zuwa inda yake son zuwa.

"Yarinyar nan fa, ta ji?"

"Wacce? Bilƙisu?"

"A'a. Babbar."

"Au. Na gaya mata, Malam. Ta ce sai ta gama jarrabawa."

"Ki ce mata na huɗun. Ta samu wuri ita kaɗai ta sa a kunne."

"Zan faɗa mata."

Aka gama jarrabawa, aka yi hutu, aka koma makaranta, shiru kake ji. Duk danjar da ta tsayar da shi sai ya zaro waya ya duba, har na bayansa su dame shi da hon.

Su biyar ne a fulat ɗinsu na Manfuha, ɗaki biyu da falo, a saman bagala, ɗan kantin da suke sayen burodi da madara. Babba a cikinsu shi ne Isiyaku, foman ɗin magina, mutumin Kano, shekararsa ashirin da biyu a ƙasar. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin wani cikin damuwa su wuce. Shi ke raka mutum sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, shi ke shiga tsakanin mutum da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a biza, idan an saɓa, shi ke tsayawa idan an yi rasuwa. Aibinsa ɗaya, ba ya tambaya kafin ya yi alheri. Ya lura Nu'uman ya rage cin abinci, ya rage magana, don haka wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, an baje tiren shinkafar kabsa a falo, ya ce a kashe talabijin.

"Ƙanena, sa mana abin nan naka mu ji. Kowa ya yi shiru."

Nu'uman ya jona wayarsa da sifika, ya zaɓi na huɗun. Suka ci gaba da cin shinkafa cikin ladabi. Jabiru, mai gyaran iyakwandishan a Gubaira, ya gwada bin kiɗan da tafi, sau uku yana faɗawa rami, ya haƙura ya koma kan cinyar kazarsa. A minti na biyar Isiyaku ya lashe yatsa ya dubi sifikar.

"To, yaushe zai shigo?"

"Wa, Yaya?"

"Mawaƙin mana."

"Babu mawaƙi. Haka yake."

"Haka yake kamar yaya? Ba a ɗora murya ba tukuna kenan."

"Ba za a ɗora ba, Yaya. An gama shi. Fiyanon ne ke maganar."

Isiyaku ya dubi Jabiru, Jabiru ya dubi shinkafa. Daidai nan aka zo wurin da komai ke ɗaukewa, sai Jabiru ya miƙa hannu ya jijjiga sifikar, ya ce caji ne ya ƙare.

"Kalas, shi ke nan, na gane," in ji Isiyaku a hankali, ya dafa kafaɗar Nu'uman. "Kada ka damu. Turo min shi a wayata."

Nu'uman ya tura, har da ɗan jin daɗi, yana zaton mutumin so yake ya sake ji a natse. Abin da Isiyaku ya gane kuwa daban ne. A wurinsa, da duk wanda ya taso yana jin waƙa a gidan biki, kiɗa gini ne, murya ce rufinsa. Maginin da ya ga bango ya kai linta an tsaya, ya san ƙarfin mai gida ne ya ƙare, ya kuma san mai gidan ba zai taɓa faɗa ba, sai dai ya ce ai haka yake son abinsa. Shi abin da ya gani, bawan Allah ya yi shekara uku yana wahala, ya rasa mawaƙi a ƙasar mutane, kunya ta hana shi roƙo. Ga shi kuwa yana da ɗan 'yar'uwa a Kano, Jibirilla, mawaƙin da ba a yin bikin da ya amsa sunansa ba shi. Ya tura masa kiɗan, ya tura masa sunayen iyalin gidan kaf kamar yadda ake yi wa kowane mawaƙi, ya ce a yi abu mai kyau kafin Babbar Sallah, kuma kada a bari mai shi ya sani.

Washegarin Sallah 'yan Najeriya suka kama istiraha a bayan gari, irin filin nan mai katanga da ciyawa da ake haya don taro. Bayan la'asar an ci nama an ƙoshi, likitoci da injiniyoyi suna kan kujeru, sauran jama'a a kan darduma, yara na guje-guje suna faɗa da Larabci. Isiyaku ya karɓi makirufo ya ce akwai wani ɗan'uwa a cikinmu da Allah ya yi wa baiwa, yana ta ɓoyewa, yau dai asirinsa ya tonu. Ya ce Nu'uman ya miƙe. Nu'uman ya miƙe da kofin shayi a hannu bai san dalili ba. Isiyaku ya ɗaga wa mai sifika hannu ya ce, "Yalla!"

Sautin farko da ya fito nasa ne, ya gane shi kamar yadda mutum ke gane takalminsa a ƙofar masallaci. Kafin ya ja numfashi wata ganga mai nauyi ta faɗo a kai, sai ya ji ƙafarsa tana bin kiɗan ba tuntuɓe, a nan ya san abin da aka yi. Mai situdiyon Jibirilla ya ji ƙirga bakwai ya ɗauka kuskure ne, ya ƙara ɗaya a kowane zagaye ya cike takwas. Yarinyar da ke tafiya kamar za ta faɗi, yanzu fareti take yi. Minti sha uku sun koma biyar. Wurin da fiyano ke tafiya shi kaɗai kuwa babu shi, an yanke an haɗe. Sai murya ta shigo, siririya, an wanke ta da na'ura har tana sheƙi:

"Kamila, Kamila ta Nu'umanu,
hasken gidan babanta,
Alhaji na Makka yana kewarki,
ba ya runtsawa sai ya ambace ki."

Nu'uman bai taɓa zama a Makka ba, tsakaninsa da ita tafiyar yini ce a mota, amma a wurin mawaƙin Kano duk Saudiyya Makka ce. Ba wannan ya dame shi ba. Sunan ne. Sunan da ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe da shi bai bari ya fito ba, ga shi wani da bai taɓa ganinta ba yana ta wurgi da shi, sau ashirin, sau talatin, a gaban mutum ɗari biyu. Kunya ta rufe shi daga kai har ƙafa, baƙin ciki ya biyo baya. Ya rasa inda zai ajiye kofin shayin.

Wuri kuwa ya kaure. Jabirun da ya kasa tafi rannan shi ne a gaba yana juyi. Wani likitan ƙashi ya ajiye girma a gefe ya shigo fili da babbar riga. Daga ɓangaren mata ana jiyo guɗa. Sau huɗu aka maimaita waƙar, mutane suna ta zuwa suna rungume shi. "Mabruk!" "Ashe haka kake, ka yi mana shiru?" "Congratulations, Malam, wannan hit ne!" Sista Munirat ta aiko a gaya masa gobe ita za a sa a bas. Isiyaku ne ya zo ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa don murna.

"Ka gani, ƙanena? Ai ba ma barin namu a rana. Yanzu ya zama waƙa."

Me zai ce? Mutumin nan shi ya yi jinyarsa sati biyu lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, shi ya riƙa ba shi kunu a baki. Nu'uman ya miƙa masa hannu.

"Na gode, Yaya," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Kwana biyu ya yi yana shirya abin da zai yi. Zai sa Jibirilla ya sauke waƙar. Zai zaunar da Isiyaku ya yi masa bayani da taushin harshe. Har ya rubuta saƙon a waya, ya gyara shi sau biyar, bai tura ba. Waƙar kuwa ba ta tsaya jiransa ba, ta riga ta shiga guruf-guruf, ta tsallaka Maliya, ta isa Zariya inda iyalinsa suke.

A rana ta uku, wajen sha ɗaya na safe, yana zaune a bas wayarsa ta yi ƙara. Lambar Jamilatu ce, amma da ya ɗauka fuskar Kamila ce ta cika gilashin. Ba ta taɓa kiransa da kanta ba.

"Baba!" in ji ta. "Baba, na ji waƙar."

Ya gyara zama. "To."

"Ƙawayena ne suka turo min, wai ke ce Kamilar? Na ce ni ce mana. Duk 'yan ajinmu sun ji. Baba, na ji ta ya fi sau hamsin." Ta share ido da gefen hijabinta. "Ni ban san haka kake ji ba. Wallahi na ɗauka Bilƙisu kawai kake so."

Abin da ya yi shekara uku yana jiran ya ji kenan. Ga shi ya zo, amma a kan baitocin da Jibirilla ke rera wa kowace amarya, suna kawai yake canzawa. Ya ji daɗi, ba ƙarya. Ya kuma ji baƙin cikin da bai taɓa jin irinsa ba.

"Wancan fa," ya ce a hankali, "wanda na turo tun farko. Kin ji shi?"

"Wanda ba a gama ba? Na fara, Baba, sai na ga ba a sa waƙar ba tukuna, na ce bari in jira a gama." Ta yi dariya cikin hawaye. "Wurin nan da aka ce ba ka runtsawa sai ka ambace ni, kai ka ce a sa?"

Dama ce ta samu. Zai iya cewa a'a, ban san mutumin ba, ko harafi ɗaya ban rubuta ba, nawa yana cikin wancan, ki koma ki zauna ki ji. Ya dubi fuskarta. Shekara goma sha biyar bai taɓa ganin ta dube shi haka ba. Ya san idan ya faɗi gaskiya wannan kallon zai tafi, kuma ba lallai ta koma ta ji wancan ɗin ba, in ma ta ji ba lallai ta gane ba.

"Ni na ce," in ji shi.

"Na sani! Na gaya wa Mama kai ne." Ta matso da fuskarta. "Mama ta ce saura guda biyar. Baba, don Allah a gama su duka. A sa Mama ma a ɗaya, ta ce ita ba ta damu ba, amma ta damu."

"To."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Da ta kashe wayar ya buɗe saƙon da ya gyara sau biyar ya goge shi. Da yamma ya karɓi lambar Jibirilla a wurin Isiyaku ya kira.

Jibirilla mutum ne mai fara'a da ladabi, da ma wannan ne ya sa abin ya fi zafi, don ba inda za ka kama shi ka ji haushinsa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, ai kai gwani ne! Wallahi mai situdiyona ya ce bai taɓa jin hannu irin naka ba. Sai dai alfarma nake nema. Wancan ya ba mu wahala, kwana huɗu muka yi muna daidaita shi. Sauran ka miƙar mana da su daga nan, kowanne kada ya wuce minti biyar. Sannan wannan fiyanon na sama, mai yawan surutun nan, yana tare wa murya hanya. In da hali a cire shi gaba ɗaya, a bar min fili."

"Ai na saman nan shi ne..." Nu'uman ya fara, sai ya fasa. "To. Za a cire."

"Madalla, Alhaji. Sai na ƙarshe, waɗanda ka sa a intanet a sauke su. Ka san halin mutanenmu, kiɗa ne a zube ba murya, wani zai ɗauka ya riga mu."

Ranar Juma'a da hantsi ya zauna a falo da kwamfuta. Aikin bai buƙaci fiyano ba, ko daga jaka bai fito da shi ba. Ya fara da sauke albam ɗin. Kafin ya danna, shafin ya nuna masa adadin waɗanda suka saurari na huɗun har ƙarshe, mutum biyu ne, kuma ɗayan shi ne da kansa. Sannan ya buɗe sauran biyar ɗin. Layukan sauti suna jere a allo, kowanne da launinsa, na can sama shi ne na hannun damansa. Ya danna ya kashe shi. Ya miƙar da ƙirgar, ya datse inda ya yi tsawo, ya cike inda ya yi shiru, ya wuce na gaba. Abin da ya ci masa shekara uku bai kai awa biyu ba ya gama da shi. Ya kunna ya saurara. Kiɗa ne mai kyau, mai tsafta, ko dattijo zai iya takawa, har Jabiru ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu yana kaɗa kafaɗa. Nu'uman ya tura wa Jibirilla, ya rufe kwamfutar, ya tashi ya ɗauro alwala.

Suna kan hanyar masallaci shi da Isiyaku, rana na dukan tsakiyar kansu, waya ta motsa a aljihunsa. Kamila ce.

"Baba, na ƙagu. Me za ka ce min a ta biyun?"

Ya tsaya a inuwar wani shago ya daɗe yana kallon saƙon, har Isiyaku ya waiwayo ya ce ya yi sauri an kusa tayar da salla. Shi ma bai sani ba, sai Jibirilla ya turo zai ji. Ya rubuta mata, "Ki jira ki ji," ya mayar da wayar aljihu ya bi bayan Isiyaku.